Waƙa Biyu, Maƙogwaro Ɗaya

Tambayar da samari suka fi yi mini idan sun shigo situdiyo ita ce wane filogin zan ba su da zai sa muryarsu ta yi daɗi. Yawanci da filashi a hannu suke zuwa, sun ɗauka abin gishiri ne, a barbaɗa a miya a sauke. Nakan ce su zauna tukuna. Filogin ƙaramar manhaja ce da ake ɗorawa a kan babbar manhajar ɗaukar murya. Kowanne da aikinsa guda ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda aikinsa shi ne daɗi. Na fara wannan sana'a ne a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ina ɗalibi, a ɗakin ajiyar kaya na gidan mahaifina a Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da na koya tun daga wancan lokaci ba ya shiga filashi, amma zan faɗi wani abu daga ciki.

Wanda ya koya mini Oga Sande ne, mutumin kudu, mai gyaran rediyo a kasuwar Tarauni. A ƙarshen mako yakan ɗauki waƙoƙin mawaƙan cocinsu da wata na'urar kaset mai layi huɗu. Ba shi da kwamfuta, ba ya kuma sha'awarta. Rediyon babanmu na kai masa gyara, na tarar yana sauraron murya ɗaya, ya mayar baya, ya sake ji. Na tsaya a bakin ƙofa ban ce komai ba har ya gaji da ganina ya nuna mini benci. Shi ya raɗa mini Malam Shiru, sunan kuma ya bi ni har yau. Na yi watanni ban taɓa maɓalli ba, sai naɗe waya da goge kan na'ura da auduga da sifirit. Idan ya gama ɗauka sai ya sa in juya baya, ya kunna, ya ce, "Malam Shiru, faɗa mini, wannan mata yana ina?" Dole in faɗi ko tana kusa da makirufo ko nesa, ko ta juya kai, ko bango ne a bayanta ko taga. Idan na yi kuskure sai ya ce, "Kunne naka na ado ne, kamar na kofi."

Da wani yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa sai na share ɗakin ajiyar na buɗe nawa. Na manna kiret ɗin ƙwai a bango saboda na ga kowa na yi. Ba ya tare komai, ƙura kawai yake tarawa. Tsofaffin katifu da barguna su ne suka yi aikin. A gaban makirufo na ɗaura safa a jikin zoben waya don ta tare iskar baki. Maƙwabtanmu suna da injin markaɗe, don haka lokacin aikina yana hannun matan unguwa: in sun kawo wake ko tattasai, mawaƙi ya zauna ya jira. In an fara kiran salla kuwa, ko ana tsakiyar baiti mafi kyau, tsayawa ake yi.

Manhaja a sidi muke sayenta a kasuwa, faifai ɗaya cike da sunaye, rabinsu ba sa buɗewa, wasu kuma cuta suke sa wa kwamfuta. Na gwada duk wadda ta buɗe. Akwai mai kyan fuska, launi ko'ina, ita samari suka fi so, amma da an ɗauke wuta sai ta tafi da duk abin da aka ɗauka. Na zaɓi wata mai munin gani, toka-toka kamar allon ofis, saboda ita tana adana aiki da kanta, kuma ba ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutata ba. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan ya fi kowane ado. Wanda zai zaɓi manhaja ya fara duban wutarsa da injinsa kafin ya dubi abin da abokansa ke yayi.

Filogin kuwa kaɗan nake amfani da su har yanzu. Akwai kwamfuresa, mai danne murya in ta yi tsalle, ya ɗago ta in ta nutse. Mawaƙanmu sukan kwarara kirari da ƙarfi su dawo baiti a hankali, ba don shi ba sai kirarin ya fasa lasifika baitin kuma ya ɓace. Akwai ikwalaiza, wanda da shi ake rage wani sashe na sauti a bar wani, kamar gurnanin janareto da ke bin ƙasa ya shigo ɗaki. Sai eko, wanda masu kawo aiki ba sa ƙoshi da shi. Kowa cewa yake a ƙara, har sai ya ji kansa kamar mai waƙa a cikin rijiya, sannan ya ce yawwa.

Shekarar da ta fi muni a sana'ata ita ce wadda filogin mai miƙe murya ya shigo gari. Shi wannan, idan mawaƙi ya kauce daga kan sauti sai ya jawo shi ya dawo da shi, idan kuma aka matsa shi da yawa sai muryar ta riƙa karyewa kamar ta ƙarfe. Mutane suka so karyewar. Duk mai kwamfuta ya buɗe situdiyo, duk mai baki ya zama mawaƙi. Ni na ƙi matsa shi, domin mawaƙanmu zamewa suke yi daga wannan sauti zuwa wancan, zamewar ita ce waƙar, shi kuwa kuskure yake ɗaukarta. Masu kawo aiki suka watse. Da damina wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Na koma koya wa 'ya'yan ma'aikata lissafi da yamma har na haɗa kuɗin wata kwamfutar.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne a ƙarshen wannan shekara, lokacin zaɓen kansiloli. Ɗanjuma tela ne mai shago a bakin titi a Tarauni, yana kuma waƙa. Muryarsa siririya ce mai ɗan fita ta hanci, ko daga cikin bas aka jiyo ta an san shi ne. Ya riga ya yi wa wani ɗan takara, Alhaji Tanko, waƙa a wurina, ta kuma karɓu, 'yan acaɓa suna rera amshinta a kan hanya. Ginin da shagon Ɗanjuma yake ciki na Alhaji Tanko ne. Alhajin yana da wasu samari majiya ƙarfi masu bin motarsa, irin waɗanda mutum ba ya so su san ƙofar gidansa.

Wata safiya Ɗanjuma ya shigo, ya rufe ƙofa da kansa, ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Malam Shiru, na shiga uku."

Na ce, "Subhanallahi. Me ya faru?"

"Baban Hajara ya fito takara."

Hajara matarsa ce. Mahaifinta Malam Inuwa tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mutanen unguwarsu a Babban Giji suka matsa masa ya tsaya a wata jam'iyya, a kan kujerar da Alhaji Tanko ke nema.

Ɗanjuma ya ce, "Aikowa ya yi aka kira ni. Na je na durƙusa, ya ce ya ji ina yi wa mutane waƙa, shi ma a yi masa."

"Me ka ce?"

"Me kuwa zan ce? Na ce to, Baba. Ka taɓa jin wanda ya ce wa surukinsa a'a? Amma wallahi in yaran Alhaji suka ji muryata a motar Baba, kekunan ɗinkina a kwata za a tsince su, ni kuma a gadon asibiti. Kai da kullum kanka ke cikin littafi, ba ka da wani abu a injin nan da zai mai da ni wani mutum daban?"

Na ce ya ba ni 'yan kwanaki in duba.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi, wato filogin mai ɗaga murya ko sauke ta. Da na sauke muryar Ɗanjuma sai ta koma ta dodo. Da na ɗaga sai ta zama kamar an shaƙe ɗan akuya. Ya saurara ya ce, "Haba Malam, wannan ai sai a ce Baba aljanu ya ɗauko su yi masa kamfen." Abin da ya fi damuna shi ne a duka biyun ana gane shi. Dodon ma ta hanci yake waƙa.

Na koma na karanta bayanan da ke zuwa tare da manhajojin, waɗanda ba kowa ke buɗewa ba. A nan na fahimci ba da tsawo ko gajartar sauti ake gane muryar mutum ba, da girman maƙogwaronsa ne da yadda bakinsa da hancinsa ke amsawa. A wani tsohon faifai na sami filogin da ke faɗaɗa wannan maƙogwaro ko ya tsuke shi ba tare da ya taɓa sautin waƙar ba. Yana da nauyi, kwamfutata tana nishi in yana aiki, in kuma aka tura shi da yawa sai ya fara ƙaraurawa. Na tura shi kaɗan, iya inda ba a jin hannu.

Sauran aikin a wajen kwamfuta aka yi shi, yadda Oga Sande ya koya mini. Na ce Ɗanjuma ya zo da sassafe kafin ya sha shayi, lokacin da murya ke da kauri. Na sauke makirufo daga saitin bakinsa zuwa ƙirjinsa, na sa ya ja da baya. Da ikwalaiza na nemo wurin da hancin yake zaune na rage shi. Na cire ekon da yake so. Na kawo 'yan amshin da bai taɓa aiki da su ba, na sa aka canza kiɗa. Abin da ya fi ba mu wahala ɗabi'arsa ce ta jan ƙarshen baiti kamar mai miƙa zare. Duk lokacin da ya ja sai in tsayar a sake.

Ya ce, "Kai dai ba ka magana, amma ka fi hedimasta tsanani."

Da muka gama na sa a kaset, muka kai teburin mai shayin da ke kusa da shagonsa. Na ce wani ne ya kawo aiki, ina so su ji. Ɗanjuma na zaune a kan benci yana tsoma burodi. Wani ya ce wannan Basakkwace ne, wani ya ce a'a, daga Zariya aka ɗauko shi. Wani tela maƙwabcinsa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗanjuma, ka yi haƙuri, amma wannan ya fi ka murya. Namiji ke nan." Ɗanjuma ya ƙware da shayi, ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Waƙar ta fita. Aka ɗaura lasifika a kan wata tsohuwar a-kori-kura ana zagaya unguwa da ita. Yaran Alhaji Tanko har shago suka zo suna tambayar Ɗanjuma ko ya san wannan da yake so ya ja da shi. Ya ce bai san shi ba, ya ci gaba da taka kekensa.

Bayan kamar mako ya dawo wurina, fuskarsa ta fi ta ranar farko lalacewa.

Ya ce, "Aikinka ya yi kyau fiye da kima. An tafi da Hajara."

Ya ba ni labari. Malam Inuwa ya saurari kaset ɗin ya ce wannan ba mijin 'yarsa ba ne. Ya ce Ɗanjuma ya yi wa bare waƙa da bakinsa, shi kuma da yake ya raina shi sai ya yi masa hayar bakin wani. Matarsa Hajiya Yalwa ta fi shi ɗaukar zafi. Ta aika a ce Hajara ta zo ta ga gida, tun ranar kuma ba a bar ta ta koma ba.

Na ce, "Ba ka rantse masa ba?"

"Na rantse. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana gane muryar mai surutu a bayan aji ba tare da ya waiwaya ba, ba zai kasa gane tawa ba."

"Me ya hana ka yi masa bayani tun farko?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "In ce masa me? Baba, ina jin tsoron a san ina tare da kai?"

Na gaya masa akwai mafita. Manhajar da nake aiki da ita ba ta taɓa asalin abin da aka ɗauka. Filogin riga ne ake sa wa murya, in an tuɓe tana nan yadda ta fito daga bakin mai ita. Na ce ya san yadda zai yi ya kawo surukin nasa.

Malam Inuwa ya zo bayan la'asar. Sai da ya tsaya a zaure suka gaisa da mahaifina, sannan ya shigo. Dogo ne, da farin gilashi, ya dubi katifun da ke bango. Na ba shi kujerata. Ɗanjuma ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Na kunna waƙar yadda take a gari, na rage kiɗan da amshi har ya rage murya kaɗai, sannan na fara kashe filogin ɗaya bayan ɗaya. Da na kashe ikwalaiza hancin ya dawo. Da na kashe na maƙogwaro sai ga Ɗanjuma tsaf, da muryarsa ta wanda bai karya kumallo ba.

Malam Inuwa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire gilashinsa ya goge, ya juya wajen ƙofa.

Ya ce, "Don me?"

Ɗanjuma bai ɗago ba.

Malam Inuwa ya juyo gare ni. "To kai ɗan Malam Bello, tunda shi ya zama kurma, faɗa mini."

Na ce, "Baba, shagonsa a ginin Alhaji Tanko yake. Kuma ka san yaran da ke bin motarsa."

Ya mai da gilashinsa. Can ya ce, "Ni na gamsu. Amma ba ni na riƙe yarinya ba, uwarta ce, ita kuma ba ta karɓar labari sai ta ji da kunnenta. Sa mini wannan a kaset in kai mata."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Kaset a garin nan ba ya kwana shi kaɗai. Akwai jikoki, akwai maƙwabta. Kafin jibi yana teburin mai shayi."

Ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce, "Ashe kana magana. To, sai ta zo da kanta."

Washegari da hantsi Hajiya Yalwa ta zo. Ta cikin gida ta bi, suka gaisa da mahaifiyata, sannan aka rako ta ɗakin. Ɗanjuma bai ma shigo gidan ba, yana waje a jikin katanga, don ba zai iya zama ɗaki ɗaya da ita ba. Ban kunna lasifika ba saboda taga na kallon lungu. Na miƙa mata hedifon.

Ta ce, "Ɗan nan, abin nan ba ya jan mutum?"

Na ce, "Ba ya ja, Hajiya."

Ta ɗora shi a kan mayafinta tana bismilla. Na kunna waƙar yadda take a gari. Ta taɓe baki ta ce da ƙarfi, yadda mai hedifon ke yi, "Wannan shi ne ƙaton da ban san daga inda aka kwaso shi ba." Na fara tuɓe rigunan. Ban kai ga na ƙarshe ba ta ɗaga hannu. "Tsaya! Ga hancin nan. Shi ne, ja'iri." Na kashe na ƙarshen, ta saurara har waƙar ta ƙare, tana ɗan gyaɗa kai.

Ta zame hedifon ɗin daga kunne ɗaya ta ce, "Malam ya gaya mini zancen shago. Wa da wa suka ji wannan?"

"Ke da Baba, sai ni da mai ita."

"A ina muryar take zaune?"

Na nuna mata kwamfuta.

"In 'yan iskan nan suka ji ƙishin-ƙishin suka zo suka ritsa ka a ɗakin nan, za ka iya hana su ji?"

Na ce ba zan iya ba.

Ta ce, "To kashe ta."

Ku da kuke koyo ku riƙe wannan: a sana'armu ba a goge asalin murya. Filogin in ya ɓace a sake samo wani, kiɗa a sake bugawa, amma abin da mutum ya rera a wata safiya ba ya dawowa. Na yi mata wannan bayani. Na ce in na goge, ba za a ƙara iya gyara waƙar ba, kuma ko bayan zaɓe babu yadda za a yi Ɗanjuma ya nuna wa kowa cewa shi ya yi wa surukinsa ita.

Ta ce, "Waɗanda ya kamata su sani sun sani. A shagon nan yarinyar nan ke ci. Kashe."

Na goge, na bi ta inda kwamfuta ke tara abin da aka zubar na goge a can ma. Ta mai da hedifon ɗin kunnenta ta ce in sake kunna wurin da muryar take. Na danna. Layin ya yi ta tafiya a kan allo babu komai a cikinsa. Ta zauna tana sauraro har sai da ta tabbata, sannan ta cire ta miƙo mini, ta gyara mayafinta.

A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ka gaya wa wancan na jikin katanga ya daina tsayuwa a rana. Ya je ya share ɗaki, bayan azahar za a rako masa matarsa."